Filin Amsa Tambayoyinku: Ƙunar Rana da Yadda Ake Sassauta Raɗaɗinta a Gida

Tambayoyin da muka ware a wannan fitowar duk a kan abu ɗaya suke: fatar da rana ta ƙona, da abin da za a iya yi mata a gida. Mun taƙaita wasu, mun kuma haɗe waɗanda suka yi kama da juna.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na wuni ina iyo tun hantsi har bayan azahar, babu riga a jikina, kuma ban ji komai ba a lokacin. Sai da magariba kafaɗuna da gadon bayana suka ɗauki raɗaɗi, da dare ko kwanciya na kasa. Me ya sa ciwon bai taso ba sai da na bar ranar? Kuma me ya kamata mutum ya yi a daren farko? Daga wani matashi.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Haka ƙunar rana take, kuma a nan ta bambanta da ƙunar wuta ko ta tafasasshen ruwa. Ba zafin ranar ne ya ƙona ka ba. A cikin hasken rana akwai wani haske da ido ba ya gani, ana ce masa UV, kuma nau'insa da ake kira UVB shi ne ke ratsa saman fata ya lalata ƙwayoyin halittar da ke wurin. Jiki ba ya jin wannan ɓarnar sa'ad da ake yin ta, balle ga wanda ke cikin ruwa mai sanyi. Sai bayan sa'o'i 2 zuwa 6 martanin jiki ke farawa: jijiyoyin jini na fata su buɗe, jini ya taru a wurin, jiki ya saki sinadaran da ke kawo kumburi, har ya zama ko gogar riga mutum ba ya iya jurewa. Abin yakan yi tsanani tsakanin sa'o'i 12 zuwa 24, sannan ya fara lafawa a kwana na 2 ko na 3.

Babu wani magani da zai warware ɓarnar da ta riga ta faru, fata da kanta take gyara kanta. Aikin mai jinya a gida shi ne ya sanyaya wurin, ya hana shi bushewa, ya rage kumburin, kuma kada ya ƙara masa wani ciwon.

Ka fara da ruwa mai sanyi daidai misali, irin wanda za ka iya barin hannunka a ciki ba tare da ya yi maka zogi ba. Ka jiƙa tawul mai tsabta ko ƙyallen auduga, ka ɗan matse, ka shimfiɗa a kan wurin. Cikin minti 2 ko 3 za ka ji tawul ɗin ya ɗumama, sai ka sake tsoma shi. Ka yi haka na minti 10 zuwa 15, ka maimaita duk bayan sa'o'i 2 ko 3 muddin raɗaɗin na nan. Idan wurin ya yi faɗi, wanka ya fi sauƙi, amma a ajiye soso, kuma kada a dirza sabulu a inda ya ƙone, domin sabulu na kwashe ɗan maiƙon da ya rage wa fatar. In ka fito kada ka goge jiki, ka riƙa ɗan danna tawul a hankali, ka bar danshi kaɗan. Tun danshin bai tafi ba ka shafa mai marar ƙamshi kuma marar nauyi, irin mai ruwa-ruwa da fata ke shanyewa nan da nan. In an ajiye shi a firij kafin a shafa ya fi daɗi.

A magungunan sha, ibuprofen ne ya fi dacewa, saboda yana toshe sinadaran da ke kawo kumburin ne kai tsaye, kuma ya fi amfani idan aka fara shi tun a sa'o'in farko. Babban mutum zai sha miligiram 400 duk bayan sa'o'i 6 zuwa 8, bayan ya ci abinci, kada ya wuce miligiram 1,200 a rana ba tare da umarnin likita ba. Kwana 2 yakan isa. Mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai shan maganin tsinka jini, mace mai ciki, da mai asma da irin wannan magani ke tayar masa da ita, duk su bar shi su sha paracetamol: miligiram 500 zuwa 1,000 duk bayan sa'o'i 4 zuwa 6, kada a wuce miligiram 4,000 cikin sa'o'i 24. Kuskure biyu ake yawan yi a nan. Wasu kan haɗa ibuprofen da diclofenac don ciwon ya tafi da wuri, alhali gida ɗaya suka fito, haɗa su illa kawai yake ninkawa ga ciki da ƙoda. Wasu kuma kan sha paracetamol tare da maganin mura wanda shi ma akwai paracetamol a cikinsa, sai adadin ya zarce ba su sani ba.

Ana iya shafa man rage kumburi na hydrocortisone mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, shafi siriri, sau 2 a rana na kwana 2 ko 3, a kan fatar da ba ta fashe ba. Sauƙin da yake kawowa ba mai yawa ba ne, wanda bai samu ba bai yi wata babbar asara ba.

Ka yawaita shan ruwa, domin fatar da ta ƙone tana janyo ruwan jiki zuwa sama, ga kuma wanda ka zubar ta gumi. Fitsari ne ma'auninka: in ya yi duhu kuma kaɗan ne, ruwan bai isa ba. Da dare ka sa riga ta auduga mai yalwa, ka kwanta rub da ciki tunda baya ne ya ƙone.

Tambaya: Likita, ni na ji an ce ƙanƙara ta fi komai saurin kashe zafin. Wasu kuma sun ce a shafa man goge baki, ko man shanu, ko farin ƙwai, ko khal. Wanne ne gaskiya a ciki? Daga wata mai karatu.

Amsa: 'Yar uwa, mafi yawan wahalar da ake sha bayan ƙunar rana daga irin waɗannan shafe-shafen take zuwa, don haka bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ƙanƙara kan kashe raɗaɗi nan take, amma tana matse jijiyoyin jini a wurin da ke buƙatar jini don ya warke, kuma da yake wurin ya mutu da sanyi, ba za ki ji sa'ad da ita kanta ta fara ƙona fatar ba. In dai sai an yi amfani da ita, a jefa ƴan ƙwayoyi a cikin ruwan da za a jiƙa tawul, kada ta taɓa fata kai tsaye.

Man goge baki yana da sinadarin da ke sa a ji sanyi-sanyi, shi ne ke ruɗar mutane. Sanyin ba na gaske ba ne, kuma a cikinsa akwai sinadaran kumfa da na kankare datti daga haƙori. Yana bushewa ya daskare a kan fata, wajen wanke shi kuma a ɗaye abin da bai kamata a ɗaye ba. Haka man zafi da ake shafawa don ciwon gaɓoɓi, shi ma kada ya kusanci wurin.

Man shanu da man girki da basilin suna rufe fata ruf, su hana zafi da gumi fita a lokacin da fatar ke da ɗumi. Amma game da basilin akwai bayani: a kwana ɗaya ko biyun farko ne ake guje masa. Bayan ɗumin ya tafi, fata ta fara bushewa, ko bororo ya fashe ana son a rufe shi, yana da amfani sosai.

Ɗanyen ƙwai na iya ɗauke da ƙwayoyin cuta, bai kamata a sa shi a fatar da ta raunana ba. Khal da lemun tsami kuwa tsami gare su mai cin fata, raɗaɗi kawai za su ƙara. Sifirit da turare su busar da wurin. Madara mai sanyi da yankakkiyar kokwamba ba su da wata illa a fatar da ba ta fashe ba, sai dai sanyinsu ne ke aikin, kuma ruwa ma zai yi wannan ba tare da ya bar ƙarni a jiki ba.

Akwai kuma magungunan fesawa da na shafawa masu kashe jin zafi, waɗanda sunansu ke ƙarewa da "caine", kamar benzocaine da lidocaine. Ba mu ba da shawarar su ba. Sauƙinsu na ɗan lokaci ne, sukan tayar wa wasu da ƙuraje da ƙaiƙayi, kuma idan aka lafta su a wuri mai faɗi jiki na iya shanye fiye da kima.

Tambaya: Ina da shukar alobera a gida. Ta fi wadda ake sayarwa a kwalba? Yaya ake haɗa ta?

Amsa: Duk biyun za su yi. Abin da alobera ke yi shi ne sanyaya fata da riƙe mata danshi, kada a sa ran za ta rage kwanakin warkewa sosai.

In ganyen za a yi amfani da shi, a yanko mai kauri daga gindin shukar, a wanke, a jingina shi a cikin kofi, bakin yankan yana kallon ƙasa, na minti 10 zuwa 15. Wani ruwa rawaya mai ɗaci zai tsiyaye. Wannan ruwan shi ne ke sa wasu su ce alobera ta ƙara musu ƙaiƙayi, domin yana cin fata, ba shi ake nema ba. Bayan ya gama tsiyayewa a sake wanke ganyen, a yanke ƙayoyin gefe, a fere ɓawon sama da wuƙa mai tsabta, a kwashe farin ruwan mai yauƙi da cokali. A ɗauraye shi sau ɗaya, a dama shi, a zuba a mazubi mai murfi a sa a firij. A yi amfani da shi cikin ƴan kwanaki, da zarar ya canja launi ko wari a zubar.

Kafin a shafa a wuri mai faɗi, a ɗan ɗiga a cikin hannu inda rana ba ta ƙona ba, a jira kamar sa'a ɗaya a ga ko zai yi ƙaiƙayi. In lafiya lau, a shafa siriri sau 3 ko 4 a rana. Idan ya bushe fata kan ɗaure, sai a bi shi da mai marar ƙamshi.

Ta kwalba kuma a karanta jikinta. In akwai alkohol ko turare ko kala a jerin abin da aka haɗa ta da shi, a nemi wata. Kuma ko wacce ce, ba a sa ta a kan bororon da ya fashe.

Tambaya: Malam, ni dai na taso da jin cewa baƙar fata ba ta ƙonewa a rana. Amma bayan na yi doguwar tafiya a ƙafa, wuyana da goshina sun yi ta zafi, bayan kwana huɗu suka fara saɓa. Ban ga wani ja ba. Ko ƙurajen zafi ne? Daga wani magidanci.

Amsa: Malam, ƙunar rana ce. Gaskiya ne sinadarin da ke ba fata duhu, wato melanin, yana tare wani kaso na hasken UV, shi ya sa mai duhun fata ya fi daɗewa a rana kafin ya ƙone. Amma kariyar ba cikakkiya ba ce, ko a fata mafi duhu ba ta kai ta man kariya daga rana mai lambar ƙarfi (SPF) 30 ba. Abin da ke ɓoye ƙunar shi ne jan ba ya fitowa sarai. Alamomin da za ka duba su ne: wurin ya fi kewayensa ɗumi in ka ɗora bayan hannu, yana zafi in an taɓa, ya ɗaure, ya ƙara duhu ko ya yi toka-toka, sannan ya saɓa bayan kwana 3 zuwa 8. Kuma iyakarsa tana bin bakin riga ko hula daidai.

Ƙurajen zafi daban suke. Ƙofofin gumi ne ke toshewa, sai ƙananan ƙuraje su feso masu tsikari da ƙaiƙayi, galibi a inda tufafi suka rufe ko fata ke haɗuwa, kamar hammata da ƙirji da matsematsi. Ƙunar rana kuwa a inda ke buɗe take. Maganinsu ma ya saɓa: ƙurajen zafi iska da bushewa suke so, mai yana ƙara toshe su, ita kuwa ƙunar rana danshi take so.

Abin da ya fi damun masu duhun fata shi ne tabon da kan biyo baya, wurin ya yi baƙi fiye da sauran jiki, wani lokaci har watanni. Sosawa, ɓare saɓa da hannu, da komawa rana babu kariya, su ne ke ƙara shi. Muna kuma roƙon kada a nemi goge tabon da man bilicin. Irin waɗannan mayukan, masu hydroquinone ko ƙaƙƙarfan maganin kumburi, wato steroid, irin su clobetasol, suna rage melanin ko su sirantar da fata, shi ya sa masu shafa su ke ƙonewa cikin ɗan lokaci a hasken ranar da a da ba ya yi musu komai.

Tambaya: Kafaɗata ta yi bororo guda uku masu ruwa. In fasa su da allura?

Amsa: Kada ki fasa. Bororo alama ce ƙunar ta wuce saman fata, kuma wannan rufin nasa bandeji ne da jiki ya yi wa kansa. Ƙarƙashinsa sabuwar fata ke tsirowa babu ƙwayar cuta. Ki rufe shi sakwa-sakwa da bandeji marar mannewa don kada riga ta goge shi. Ƙananan sukan lotse da kansu cikin mako guda ko makamancin haka.

In ya fashe da kansa, ki wanke hannu, ki wanke wurin da ruwa mai tsabta da ɗan sabulu marar ƙarfi, ki bar fatar saman a kwance a inda take, ki shafa basilin siriri, ki rufe da bandeji marar mannewa. A canja kullum, ko duk lokacin da ya jiƙe. Kada a ɗora auduga kai tsaye, zarenta na shiga ciwo. In bandejin ya kama, a jiƙa shi da ruwa sai ya saki da kansa, kada a fizge. Hydrocortisone da hoda da kowane irin gari ba su da wuri a nan.

A tafi asibiti idan aka ga mugunya, ko wurin yana ƙara kumbura da zogi bayan kwana 2 maimakon ya ragu, ko wani layi ja ko mai duhu ya miƙe daga ciwon, ko ƙaluluwa ta fito, ko zazzaɓi ya zo. Haka nan idan bororon ya fito a fuska, hannu ko al'aura, ko guda ɗaya ya yi girma sosai, ko ya mamaye wuri mai faɗi. Ga yadda ake ƙiyasi: tafin hannun mai ciwon tare da yatsunsa kusan kashi 1 cikin 100 ne na fatar jikinsa. Bororon da ya haura faɗin tafin hannu ƴan kaɗan ya fi ƙarfin jinyar gida. Mai ciwon sukari kuwa ko ƙarami ne ya nuna wa ma'aikacin lafiya.

Tambaya: Ɗana mai shekara biyu ya daɗe yana wasa a rana, yanzu kumatunsa da hannuwansa sun yi zafi, yana ta kuka. Me zan ba shi? Daga wata uwa.

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, Hajiya. Ki fara duba yaron gaba ɗayansa kafin fatar. Yana shan ruwa? Yana fitsari kamar kullum? Yana gane ki, yana ɗan wasa tsakanin kukan? In haka ne, za ki iya jinyarsa a gida. Ki yi masa wanka da ruwa mai ɗan sanyi, ko ki ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle na minti 10. Yara sun fi manya saurin ɗaukar sanyi, da kin ga ya fara rawar ɗari ki dakata. Ki shafa masa mai marar ƙamshi, ki sa masa tufafi masu laushi, ki riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai, ko nono in yana sha.

Maganin yara da nauyi ake auna shi. Paracetamol miligiram 15 ne ga kowane kilo, duk bayan sa'o'i 4 zuwa 6, kada a wuce sau 4 a rana. Misali, yaro mai kilo 12 zai sha miligiram 180. In ruwan maganin mai miligiram 120 ne a kowane mililita 5, wato mililita 7 da rabi ke nan. Ki duba jikin kwalbar, domin ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, kuma ki auna da sirinji ko ma'aunin da ya zo da maganin, cokalin gida ba ya ba da daidai. Ibuprofen miligiram 5 zuwa 10 ne ga kowane kilo duk bayan sa'o'i 6 zuwa 8, amma ba a ba yaron da ke amai ko ya ƙi shan ruwa. Aspirin kuwa ba a ba wanda bai kai shekara 16 ba, saboda wata cuta mai haɗari da takan taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Kada ki shafa masa hydrocortisone sai likita ya ce.

Ki kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba in akwai bororo, zazzaɓi, amai, yawan barci da wuyar tashi, kuka babu hawaye, bushewar baki, ko ya yi sa'o'i 6 zuwa 8 bai yi fitsari ba. Jaririn da bai cika shekara ɗaya ba kuwa, kowace irin ƙunar rana ce sai an kai shi an duba.

Wannan gargaɗin ya shafi manya ma. Wanda ya wuni a rana ya dawo da jiri, ciwon kai, tashin zuciya da kasala, a kwantar da shi a inuwa, a sassauta tufafinsa, a jiƙa jikinsa ana yi masa fifita, a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita 1 na ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In bai farfaɗo cikin minti 30 ba a kai shi asibiti. In kuwa ya fara sambatu, ko ya suma, ko zafin jikinsa ya kai digiri 40, rayuwarsa na cikin haɗari. A ci gaba da zuba masa ruwa a jiki a kan hanyar zuwa asibiti, kuma kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa komai a baki.

Tambaya: Zafin ya tafi, amma a kwana na uku wani irin ƙaiƙayi ya taso kamar ana soka mini allurai, fatar kuma tana saɓa. In kankare ta?

Amsa: Ka bar ta ta zuba da kanta. Wadda ke lilo ana iya datse ta da almakashi mai tsabta, amma in ka ja, takan tafi da wadda ba ta shirya ba, nan ne tabo ke samuwa. Ka ajiye soso da dutsen goge ƙafa har sai ta gama. Yanzu ne lokacin mai mai kauri, sau 2 ko 3 a rana.

Ga ƙaiƙayin, cetirizine ko loratadine miligiram 10 sau ɗaya a rana ga babba. In da dare ya fi damunka, chlorpheniramine miligiram 4 kafin kwanciya, sai dai yana sa barci, kada a yi tuƙi bayan an sha. Wankan garin hatsin ots ma na kwantar da shi: a niƙa kofi 1 ya yi laushi sosai, a zuba a bahon wanka mai ruwa mai ɗan sanyi, a dama har ruwan ya yi fari, a zauna ciki minti 10 zuwa 15. In babu baho, a ƙulle garin a ƙyalle, a tsoma a bokiti, a riƙa matso farin ruwan a kan fata. Bekin soda, farin garin nan da ake sa wa kek don ya tashi, shi ma ana sawa, babban cokali 4 a cikakken baho. Kada a wuce minti 15 a ciki, domin dogon jiƙo busar da fata yake yi. Ruwan zafi kan kashe ƙaiƙayi na ɗan lokaci, amma yakan dawo fiye da da.

Tambaya: Ban fi rabin sa'a a rana ba amma bayan hannuwana da hancina suka ƙone sosai, abin da bai taɓa faruwa da ni ba. Ina shan doxycycline.

Amsa: Mai yiwuwa maganin ne. Doxycycline sananne ne wajen sa fata saurin ƙonewa. Haka ma ciprofloxacin, co-trimoxazole, griseofulvin, maganin hawan jini hydrochlorothiazide, maganin zuciya amiodarone, da isotretinoin na ƙurajen fuska. Jinyar fatar ɗaya ce da wadda muka bayyana a sama. Kada ka yanke maganin da kanka, ka koma wurin wanda ya rubuta maka ya duba ko za a canja, kafin nan ka rufe jiki sosai.

Wani abu mai kama da wannan: ruwan lemun tsami in ya zuba a fata sannan rana ta doke shi, bayan kwana 1 zuwa 3 wurin kan yi bororo a siffar ɗigo ko zirin ruwan, ya bar baƙin tabo mai daɗewa. Wanda ya matse lemun tsami ya wanke hannu da sabulu kafin ya fita.

Tambaya: Idanuna suna ta ruwa, kamar an zuba mini yashi, leɓena kuma ya kumbura.

Amsa: Saman ido ma yana ƙonewa, irin abin da ke samun mai walda in ya yi aiki babu gilashi. Yakan taso sa'o'i 6 zuwa 12 bayan an sha hasken, ya warke cikin kwana 1 ko 2. A zauna a ɗaki mai duhu, a rufe ido a ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle mai sanyi, a sha maganin ciwo, kada a murza. Ɗigon ido mai ƙara danshi zai taimaka, amma ban da mai steroid ko mai kashe jin zafi. In gani ya ragu, ko ciwon ya wuce kwana 2, a ga likitan ido. Leɓe kuma a ɗora masa ƙyalle mai sanyi, a daina lasarsa, a shafa basilin bayan ɗumin ya sauka.

Tambaya: Ƴata zabiya ce, kusan kullum fatarta a ƙone take. Ni kuma ba zan iya kulle ta a ɗaki ba, tana zuwa makaranta. Ku taimaka mini da shawara. Daga wani uba.

Amsa: Malam, Allah ya raya ta. Tambayarka ta fi sauran nauyi, domin fatar zabiya ba ta da melanin ko kuma kaɗan ne ƙwarai, kuma ƙunar da ke maimaituwa tana taruwa ne shekara bayan shekara har ta iya kaiwa ga sankarar fata tun mutum na matashi. Jinyar ƙunar da ta samu ita ce dai wadda ka karanta a sama. Babban aikinka shi ne hana ta gaba.

Tufafi sun fi kowane mai. A ɗinka mata masu dogon hannu da ke rufe wuya da ƙafa, na yadi mai matsattsiyar saƙa. Ka ɗaga yadin ka kalli haske ta cikinsa, in hasken na ratsowa sosai, UV ma zai ratsa. Mai duhun launi ya fi fari tarewa, jiƙaƙƙe kuma kariyarsa na raguwa. A samo hula mai faɗin baki da ke inuwantar da kunne da ƙeya, da tabarau mai tare UV. Ka yi magana da malamanta su ba ta izinin sa waɗannan, su kuma bar ta a inuwa lokacin taron safe da motsa jiki.

Inda tufafi ba su rufe ba, wato fuska, kunne, wuya, leɓe da bayan hannu, a shafa man kariya daga rana mai lamba SPF 50 wanda aka rubuta yana tare nau'o'in UV biyu, wato UVA da UVB. Masu zinc oxide ko titanium dioxide sun fi dacewa da fata mai saurin damuwa. A shafa minti 15 zuwa 30 kafin fita, a sake duk bayan sa'o'i 2 da kuma bayan gumi ko wanka. Inda ake faɗuwa shi ne yawansa: fuska da wuyan babban mutum kaɗai na buƙatar kusan ƙaramin cokali 1, dukan jiki kuma wajen mililita 30. Wanda ya shafa rabin haka bai samu kariyar da aka rubuta a kwalbar ba. Kada a sa shi a kan bororo ko fatar da ta fashe, a rufe wurin da tufa.

Hasken UV ya fi ƙarfi daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. Hadari ko hazo ba ya tare shi duka, rairayi da ruwa kuma suna mayar da shi sama, don haka ko a ƙarƙashin lema yana iya samun ta. Ka koya mata ta duba inuwarta: in ta fi ta gajarta, lokacin shiga inuwa ne.

Ka riƙa duba fatarta sau ɗaya a wata, musamman kunne, leɓen ƙasa, ƙeya da bayan hannu, kuma likitan fata ya gan ta aƙalla sau ɗaya a shekara. Duk wani wuri mai kaushi da ke ɓarewa yana dawowa, ko ƙullutu mai girma, ko gyambon da ya kai mako 4 bai warke ba, a kai ta a duba a makon da aka lura da shi.